Tsakanin Hijira da Zama: Abin da Ya Sa Wasu Suka Yi Aiki da Turawan Mamaya a Daular Sakkwato, 1897–1906

Tsakure

Wannan takarda tana bin diddigin dalilan da ke sa mutane su ba da haɗin kai ga abokin gabar da ya ci ƙasarsu da yaƙi. Ta ɗauki Daular Sakkwato da maƙwabciyarta Damagaram a matsayin fagen nazari, daga 1897 zuwa 1906. Ra'ayin da take karewa shi ne, kwaɗayi da tsoro kaɗai ba su isa su bayyana al'amarin ba. Wasu rikicin cikin gida ne ya tura su, wasu nauyin jama'a ne ya riƙe su, wasu kuwa tun asali ba su da wani rabo a tsarin da aka rushe. Hujjar lalura da manya suka dogara da ita tana da ƙarfi, amma ba a shata mata iyaka ba, kuma a Satiru aka ga abin da hakan ya haifar.

Gabatarwa



Ranar 15 ga Maris, 1903, aka kara a Giginya, bakin birnin Sakkwato, kuma yaƙin bai daɗe ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fuskanci gabas da niyyar hijira. Waziri Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo, ya janye da jama'a mai yawa, daga baya ya komo birni ya sadu da Turawa. Ranar 21 ga watan aka naɗa Attahiru na biyu a gaban Gwamna Lugga. Duk Attahirun biyu tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ne, ɗaya ta wajen Atiku, ɗaya ta wajen Bello. Na farko ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da mutum sama da 600, na biyu ya yi sarauta a ƙarƙashin Ingila har 1915.

Mun saba girmama wanda ya tafi, kuma ya cancanci girmamawar. Wanda ya zauna kuwa, ko dai mu yi shiru game da shi saboda jikokinsa na nan kan gadon sarauta, ko mu jefe shi da kalma ɗaya mu wuce. Duka biyun ba nazari ba ne. Tun 1972 Ronald Robinson ya nuna cewa babu wani mulkin mallaka da ya tsaya da ƙafarsa ba tare da 'yan ƙasa sun tallafe shi ba, domin Turawan ba su da yawan da za su tara haraji ko su yi shari'a da kansu. To, ashe tambayar da ta fi amfani ita ce: su waɗannan da suka tallafa, me suka gani, me suka ji wa tsoro, kuma me suka yi zaton suna cetowa?

Ɓarakar da Turawa suka tarar

Abu na farko da mai bin labarin cin garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya zai lura da shi shi ne, kusan ko'ina akwai wanda ke jiran gado. A Bidda, da Kamfanin Neja ya kai hari a 1897, Etsu Abubakar ya fice, aka ɗora Makun Muhammadu. Turawa na juya baya Abubakar ya dawo, sai da sojojin Lugga suka sake zuwa a 1901 suka mayar da Makun. A Yola, cikin wannan shekarar, Lamiɗo Zubairu ya yi yaƙi ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Zazzau ta fi ba da haske. Sarki Kwasau da kansa ya nemi taimakon Turawa a 1902, saboda Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasarsa da hare-hare. A idon Kwasau, mugun da ke ƙofa ya fi baƙon da ke nesa haɗari. Turawa suka zo, suka kafa bariki, kafin shekara ta ƙare suka kama shi, daga baya suka miƙa sarautar ga Aliyu ɗan Sidi na gidan Mallawa. Sarautar Zazzau da ma tana zagayawa ne tsakanin gidaje, saboda haka ba a rasa mai karɓa ba. Kwasau bai gayyaci Turawa don ya ƙi addininsa ko ƙasarsa ba. Ya yi lissafin siyasa irin wanda sarakuna suka saba yi da juna, bai san wannan abokin ƙawance ba irin waɗanda aka saba ba ne.

Kano kuwa ba ta gama warkewa daga Basasa ba. Daga 1893 zuwa 1895 Tukurawa da Yusufawa sun zubar da jinin juna, kuma Sarki Alu ya hau gado ne da ƙarfin takobi, a kan Tukur, wanda Sakkwato ta naɗa. Waziri Buhari ɗin nan shi ne ya naɗa Tukur bisa umurnin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Da Kanar Morland ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Alu yana can wajen Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyar komowa ya rabu da rundunar da dare. Wazirin Kano Ahmadu ya ja wani kashi ya yi yaƙi a Kwatarkwashi har aka kashe shi, Wambai Abbas ya ja sauran ya kawo su Kano ya miƙa wuya, aka ba shi sarauta. Alu da Ahmadu da Abbas 'ya'yan mutum ɗaya ne, Sarki Abdullahi Maje Karofi. Gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma mafita uku. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu cewa bambancin na asali ne ko na ilimi.

Za a iya cewa Abbas sarauta yake so. Ban musa ba. Wane ɗan sarki ne ba ya so? Amma a tuna halin da ya tsinci kansa: dubban mutane a daji, sarkinsu ya tafi, matansu da 'ya'yansu suna cikin birnin da ke hannun abokin gaba. Son sarauta da tausayin jama'a a ranar hanya ɗaya suka nuna masa, kuma ina ganin haka abin yake ga mafi yawan waɗanda suka zauna. Da wuya a samu wanda ya iya rarrabe su a zuciyarsa, balle mu da muka zo bayan shekara ɗari da ashirin.

Hujjar Waziri

Sa'ar da muka yi ita ce, mutanen Sakkwato masu rubutu ne. Wasiƙun da Turawa suka kwashe daga gidan Waziri, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna an yi muhawara tun kafin a harba bindiga. Hanyoyi uku ne a gabansu: yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Sarkin Kano Alu ya rubuta yana ba da shawarar a bar ƙasar gaba ɗaya. Marafa Muhammadu Maiturare ya rubuta yana gargaɗin kada a bari maganar hijira ta fita, domin za ta wargaza jama'a tun abokin gaba bai iso ba. Masu ra'ayin hijira ba su rasa madogara ba: daular kanta da hijira aka kafa ta, daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma Shehu ya wallafa Bayan Wujub al-Hijra a kan wajabcinta.

Bayan an ci birnin, Waziri Buhari ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana abin da ya sa ya komo. R. A. Adeleye ya yi nazarinta a 1968, Muhammad Sani Umar ya sake faɗaɗa bayani a kanta a 2006. Abin da Waziri ya kawo bai wuce uku ba. Na farko, babu wurin zuwa: hanyoyin babu ruwa isasshe, kuma duk inda aka nufa Nasara na can, ga Faransa a arewa, ga Jamus a kudu maso gabas. Na biyu, malaman da ke tare da shi sun duba littattafai sun ga ya halatta, idan ana tsoron halaka, a nuna wa mai rinjaye biyayya da harshe ba da zuciya ba, har Allah Ya kawo mafita. Madogararsu aya ta 28 ta Suratu Ali Imrana da maganganun Shehu kansa. Na uku, Turawa ba su hana salla da azumi da sauran rukunan addini ba.

Abin da ya fi jan hankalina a risalar shi ne, mai rubuta ta bai natsu ba. Ya faɗi cewa tsoro ya kama shi kada ya zama ya fita daga addini, har ya aika wa Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu yana neman fatawa. Alƙali ya kwantar masa da hankali da hujjar da nake gani ita ce ƙashin bayan dukan al'amarin: idan malamai da shugabanni duk suka tashi, wa zai riƙe wa raunana addininsu? Tsoho da mai ciki da gurgu ba za su iya tafiyar Makka da ƙafa ba. Ƙasa ba za ta zama kango ba, wani zai mulke ta, kuma in ba su ba ne, to wanda bai san shari'a ba ne.

Wannan hujja ba ta wasa ba ce, kuma tarihi bai ƙaryata ta duka ba. Kotunan alƙalai sun ci gaba da zama, makarantun allo da na ilimi ba su rufe ba, an taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Waɗanda suka bi Attahiru kuwa, da yawa sun faɗi a Burmi, ciki har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Waɗanda suka tsira sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau, kuma can ɗin ma Ingila suka tarar tana mulki. Maganar Waziri ta cewa babu wurin zuwa ta tabbata a kan su kansu masu hijirar.

Amma akwai rami a cikin hujjar. Ta faɗi lokacin da ya halatta a sunkuya, ba ta faɗi lokacin da ya wajaba a miƙe ba. Sharaɗin da aka ajiye na ibada ne: muddin ba a hana salla ba. Haka ma rantsuwar da sarakuna suka riƙa yi da Alƙur'ani yayin karɓar sandar girma, ta yi wa Sarkin Ingila biyayya in dai ba a saɓa wa addini ba. To, tara wa Bature haraji fa? Kama masa mutanen da za su yi aikin tilas fa? Ɗaura masa yaƙi a kan Musulmi fa? Babu wanda ya zauna ya yanke waɗannan a 1903, domin kowa na zaton abin na ɗan lokaci ne.

Waɗanda ba su rubuta risala ba

Muna yawan cewa Turawa sun ci Kano, amma a rundunar Morland Turawa ba su kai hamsin ba, sojoji baƙar fata kuwa sun haura 700, kuma da yawansu Hausa suke ji. Da Hausa ake ba su umurni. Wasu bayi ne da suka gudo, wasu mutanen ƙasashen da sarakuna suka daɗe suna kai wa hari, wasu fatara ce ta kai su Lakwaja neman albashi. Ga mutumin da aka ƙone ƙauyensu aka sayar da uwarsa, wace ce ƙasar da ake cewa ya ci amanarta? Wajibi ne mu yi wannan tambaya ko da ta yi mana ɗaci. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa bayi a daular sun kai miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi, kuma dubbai sun tsere daga gandaye da rinjoji da zarar an ji ƙarfin iyayen gijinsu ya karye. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne. Ko da yake daga baya Turawa sun haɗa baki da sarakuna wajen hana bayi gudu, a farkon lamari bawa yana da dalilin da zai sa ya ga zuwan baƙin nan da wani ido daban.

Sai kuma 'yan tsakiya: tafintoci da masinjoji da fatake. Mutum irin Adamu Jakada, wanda ya yi ta kai da komo tsakanin Kano da Turawa, jarinsa shi ne ya san harshen ɓangarorin biyu da hanyoyinsu. Bafatake kuwa abin da yake so hanya ta buɗe, goro ya zo daga Gwanja, a daina tare ayari. Ba sai na tsawaita a kan waɗannan ba, lissafinsu a fili yake. Abin lura kawai shi ne, Baturen da bai ji Hausa ba da kunnen tafinta yake ji, saboda haka ƙaramin mutum yakan wayi gari da ikon tuɓe babba.

Satiru

Shekara uku kacal aka yi kafin tambayar da aka bari a buɗe ta dawo. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i, mazaunin talakawa da malaman karkara da bayin da suka gudo, kuma aƙidar Mahadi ta yi ƙarfi a cikinsa. Wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya iso can daga ƙasar Zabarmawa bayan Faransawa sun murƙushe tawayen Kobkitanda da taimakon Zarmakoy Auta na Dosso. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, Satirawa da gatura da fartanyu da kibau suka karya rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka kwashe bindigar ruwa. Sakkwato ta kwana babu mai tsaron Bature sai Sarkin Musulmi.

A nan ne za a auna maganar biyayya da harshe ba da zuciya ba. In ana jiran ranar da rinjayen Nasara zai yi rauni ne, ga ta ta zo. Amma Attahiru na biyu ya tsaya tare da Razdan Burdon, sarakuna suka aiko da alkawarin taimako, Marafa Maiturare ya ja dakaru zuwa Satiru, ko da yake bai yi nasara ba. Ranar 10 ga Maris sojojin Turawa suka shafe garin. An kashe mutum kimanin 2,000, aka rarraba mata da yara kimanin 3,000, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ingila ta ba Sarkin Musulmi lambar girma.

Me ya sa? Akwai tsoron ramuwar gayya, kuma tsoro ne mai dalili, domin wata guda bayan haka aka ga abin da ya sami Haɗeja da Sarkinta Muhammadu. Akwai saɓanin aƙida, domin malaman fada ba su yarda da da'awar Mahadin ba. Amma babban dalili, a ganina, shi ne Satirawa ba Bature kaɗai suka yi wa tawaye ba. Sun ƙi haraji, sun ba bayi mafaka, sun ɗauki sarakunan da suka yi mubaya'a a matsayin abokan gaba. Nasararsu faɗuwar fada ce. Cikin shekara uku maslahar mai mulki da ta mai mamaya sun riga sun sarƙe, har ya zama kare ɗaya kare ɗayan ne. Mahmud Modibbo Tukur ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen nuna cewa sarakuna da yawa sun yi ta turjiya a ɓoye, kuma gaskiya ne. An tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Basharu ma bisa zargin goyon bayan Satirawa. Sai dai turjiyar ɓoye ba ta ceci mutum ko ɗaya a Satiru ba, kuma ban ga yadda za a kira abin da aka yi wa matan nan da yaran nan lalura ba.

Wannan tafarki ba namu ne kaɗai ba. Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, Marshal Petain ya kafa gwamnati a Vichy yana cewa ya zauna ne don ya zama garkuwa ga waɗanda ba za su iya gudu ba. Cikin Yulin 1942 'yan sandan Faransa ne, ba na Jamus ba, suka kama Yahudawa kimanin 13,000 a Paris cikin kwana biyu, kuma Robert Paxton ya nuna a 1972 cewa jami'an Vichy sun riƙa karɓar irin waɗannan ayyuka ne don su tabbatar har yanzu su ke riƙe da ragamar ƙasarsu. Ba ina daidaita Waziri da Petain ba ne. Vichy tana da aƙidar ƙiyayya tata ta kanta wadda babu irinta a risalar Waziri. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: wanda ya zauna don ya riƙe hukuma, dole ya yi ta nuna wa mai mamaya cewa hukumar tana da amfani, kuma amfanin da ake nema a wurinsa shi ne ya danne nasa.

Abin da ya hana a ja da baya

Saura tambaya ɗaya: me ya hana wanda ya ga abin ya wuce gona da iri ya ce ya isa? Amsar tana cikin ɓarakar da muka fara gani. Baturen da ya samu mai karɓar gado sau ɗaya ya san zai sake samu. A Katsina, Sarki Abubakar ya karɓi Lugga ba tare da yaƙi ba a 1903, amma ba a yi shekara biyu ba aka tuɓe shi. Aka gwada Yero, shi ma aka tuɓe, sannan a 1906 aka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi fice wajen biya wa Turawa buƙatunsu, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa. Bobbo Ahmadu da aka naɗa a Yola an kai shi Lakwaja a 1909. Aliyu ɗan Sidi ma can ya ƙare, garin da aka kai Kwasau da Alu. Kowane sarki yana ganin waɗannan, kuma ya san in ya ƙi aikin, ba fasa aikin za a yi ba, wani za a ba, wataƙila wanda ya fi shi rashin tausayi. Hujjar Alƙalin Gwandu ke nan ta dawo, amma yanzu Bature ne ke amfana da ita.

Har ma ba sai ɗan sarki ba. A Kano, Razdan Cargill ya ɗaga Ɗanrimi Allah Bar Sarki, bawan fada, ya ba shi Waziri a 1908 ba da son Abbas ba, sai da wani Razdan ya zo aka warware. A Damagaram Faransawa sun wuce nan. Bayan sun ci Zinder a 1899 sun kashe Sarki Amadu Kuran Daga, sun naɗa ƙanensa Amadu ɗan Basa. A 1906, ana cikin firgicin Satiru, aka kai musu labarin cewa yana shirya maƙarƙashiya tare da wasu manya, ciki har da attajirin nan Malam Yaro, wanda tun farko ya yi hulɗar ciniki da su. Tafinta da wani bawan fada, Bellama, suna cikin waɗanda suka kai ƙarar. Aka kwashe sarki da mutanensa zuwa ƙasar Kwaddibuwa, aka soke sarautar, aka damƙa wa Bellama riƙon ƙasa. Damagaram ba ta sake samun sarki daga gidan sarauta ba sai 1923.